Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin wasanni na Jami'ar Nebraska: har yaushe za mu ci gaba da jin "saura ƙiris"?

Maris, 2025. Zuwa ga Yallaɓai Troy Dannen, daraktan wasanni na Jami'ar Nebraska, da Koci Matt Rhule, mai horar da ƙungiyar ƙwallon ƙafar Amurka ta jami'ar.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da yaran da kuke horarwa. Allah ya taya ku riƙo, domin kayan da kuka ɗauka ba ƙanana ba ne.

Ina rubuto muku ne a madadin wasu 'yan tsirarun magoya baya da ba a cika ganinsu ba idan jar rigar Nebraska ta cika fili. Mu ne 'yan Afirka mazauna Lincoln da Omaha, daga Najeriya da Nijar da Kamaru da Sudan, waɗanda karatu ko aiki ko gudun yaƙi ya kawo su wannan jiha. Na rubuta da Hausa ne saboda da ita nake murna, da ita nake fushi, kuma da ita muke tattauna wasanninku idan mun haɗu bayan sallar Juma'a. Ba mu gaji wannan wasa daga iyayenmu ba, a nan muka tsince shi. Lokacin da na iso a 2009, abin mamaki ne a wajena a ce ƙwallon da ake runguma a ƙirji a ruga da ita ana kiranta ƙwallon ƙafa. Ndamukong Suh, ɗan bayan Nebraska na lokacin, shi ne ya ja ni ciki, da na ji mahaifinsa ɗan Kamaru ne. A watan Disamba na shekarar, a ɗakin wani ɗalibi, na kalle shi yana ta kayar da mai jefa ƙwallon Texas kamar ana tsinkar mangwaro. Agogo ya ƙare muna gaba, muka fara ihu, sai alƙalan wasa suka duba hoto suka mayar da daƙiƙa ɗaya. Texas ta buga ƙwallon ta wuce tsakanin sanduna, aka tashi 13 da 12. Ranar na fara jin mutanen Nebraska suna cewa saura ƙiris. Yau shekara goma sha biyar ke nan da 'yan watanni, kuma kalmar ba ta bar bakinmu ba.

Abubuwa biyu da aka sanar a watan Fabrairun bana, 2025, ne suka sa na ɗauki alƙalami. An soke karawa biyu da aka tsara yi da Tennessee a 2026 da 2027, aka maye gurbinsu da ƙananan ƙungiyoyi biyu, Bowling Green da Miami ta Ohio. Sannan Koci ya ce wasan bazara irin wanda aka saba, inda ake raba 'yan wasa gida biyu su kara a gaban jama'a, ba zai yiwu ba bana. Zan zo kansu. Amma ba za a gane abin da ya sa suka yi mana ciwo ba sai an fara da tambayar da kowa ke yi a shagon aski da wurin aiki: shin ƙungiyar nan ta kusa zama mai kyau, ko kuwa mun saba da cewa ta kusa ne kawai?

Kukanmu na farko a kan kalmar "kusa" yake. A wasan nan, kai ƙwallo ƙarshen fili maki shida ne, da ƙarin ɗaya ko biyu a bayansa, don haka duk tazarar da ba ta wuce takwas ba hari ɗaya ke rufe ta. A 2021, zamanin Koci Scott Frost, ƙungiyar ta ci wasa 3 ta faɗi 9. Takwas daga cikin taran nan da tazarar hari ɗaya ne, na taran kuma, wanda Ohio State ta ci, maki tara ne kacal. A wasannin Big Ten na shekarar, wato gasar jami'o'in da Nebraska ke ciki, makin da muka ci da wanda aka ci mu sun zo daidai wa daida, amma wasa ɗaya muka ci cikin tara. Aka ce mana rashin sa'a ne, shekara mai zuwa za ta juya. Shekara mai zuwa aka tafi Dublin, muna gaban Northwestern da 28 da 17, aka yi wani ɗan gajeren bugu na kasada da ba a buƙata, aka dawo gida da 31 da 28 a kanmu. Makonni biyu bayan haka Georgia Southern ta zo har gida ta zuba mana 45, washegari aka sallami Frost. Ya bar aiki da nasara 16 da faɗuwa 31, kuma cikin wasannin hari ɗaya 27 da ya jagoranta, biyar kawai ya ci.

Koci, na san wannan ba naka ba ne, ka tarar da shi ne. Amma a shekaru biyunka an yi irin waɗannan wasanni 13, mun ci uku, mun faɗi goma. Abin da ya maimaita kansa shekara bakwai, a hannun masu horarwa daban-daban da yara daban-daban, ya wuce a kira shi rashin sa'a. Hali ne, kuma hali gyara shi ake yi.

Ga yadda halin yake idan aka matso kusa da shi. Ranar 29 ga Nuwamban bara, 2024, daren Juma'ar da ke bin bikin godiya na Amurkawa, muna zaune a falona mu tara, ana sanyin da ko mota sai an lallaɓa ta take tashi. Matata ta soya ƙosai, an dama kunun gyaɗa. A filin Iowa ake wasan, kuma aka tafi hutu muna da 10 suna da sifiri. 'Yan bayanmu sun matse su ƙwarai, duk tsawon wasan sau biyar kawai Iowa ta iya cika yadi goman da ke ba ƙungiya damar ci gaba da hari. Sai aka bugo mana ƙwallo daga nesa, ta kuɓuce mana, suka samu maki uku a ɓagas. Sai Kaleb Johnson na Iowa ya karɓi wata 'yar gajeriyar jifa, ya suɓuce wa mutum bayan mutum har yadi 72. Ana saura daƙiƙoƙi, ƙwallo na hannunmu, aka bugi hannun mai jefa ƙwallonmu Dylan Raiola ta faɗi. Mai bugunsu ya tsaya daga yadi 53 ya zura ta, 13 da 10. Ɗana, ɗan shekara goma sha biyu, bai yi kuka ba, bai ma yi magana ba. Ya tashi ya kwashe kofuna ya kai kicin. Da na bi shi na ce ya yi haƙuri, sai ya ce: "Baba, ai tun da suka rama na san haka za a ƙare." Wannan maganar ta fi faɗuwar yi mini ciwo. Yaro ne da ke kwana da jar hula, amma ya riga ya koyi jiran mummunan ƙarshe. Kuma yana da hujja. A 2023 ma 13 da 10 Iowa ta ci mu, da bugun ƙarshe, bayan mun jefa musu ƙwallo a hannu. A 2018 da 2019 ma da bugun ƙarshe suka ci. Sau huɗu cikin shekara bakwai, maƙwabta ɗaya, hanya ɗaya.

Kuka na biyu shi ne ƙananan abubuwan da ba a ɗauke su da muhimmanci ba, musamman ɓangaren bugun ƙafa. A 2021 Michigan State ba ta iya cika yadi goma ko sau ɗaya ba bayan hutu, amma bugunmu ya tafi gefen da ba kowa namu, suka ɗauka suka ruga har gida, suka ci a ƙarin lokaci. Iowa a shekarar ta tare mana bugu muna gaba, wasa ya juye daga nan. Bara, a daren da aka cika wasa na 400 a jere tikiti na ƙarewa a filinmu na Memorial, bugun da zai sa mu gaban Illinois a mintunan ƙarshe ya kauce, aka ci mu 31 da 24. Hatta a Pinstripe Bowl, wasan ƙarshen kakar bara, da muka ci Boston College 20 da 15, an tare mana bugu har biyu, ɗaya suka mayar da shi maki biyu, ɗayan ya kusa dawo da su cikin wasan da muka riga muka gama. A 2023 kuwa sau 31 muka ɓarar da ƙwallo ga abokan karawa, babu ƙungiyar da ta fi mu a duk manyan jami'o'in ƙasar. Na yaba da ɗauko Mike Ekeler don ya riƙe ɓangaren bugun ƙafa. Abin da ke damuna shi ne sai da aka shekara biyu ana asara kafin a motsa.

Na uku, Nuwamba. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. A 2023 mun shiga watan da nasara 5, ɗaya kawai muke nema mu samu wasan ƙarshen kaka, muka faɗi huɗu a jere: Michigan State, Maryland, Wisconsin, Iowa. Bara mun fara da nasara 5 cikin 6, sai huɗu a jere suka sake tafiya. Cikin wasanni takwas na Nuwamba a shekaru biyun nan, ɗaya muka ci.

Ba zan zama marar adalci ba. Wancan ɗayan, 44 da 25 a kan Wisconsin, ina cikin filin. Wani dattijo maƙwabcina, tsohon manomin masara da ya riƙe kujerunsa tun zamanin tsohon koci Tom Osborne, shi ya ba ni tikiti biyu saboda gwiwarsa ba ta ƙyale shi hawa matakala. Na ga ɗalibai suna tsallaka shinge suna cika ciyawa, na ga wata tsohuwa a layin gabanmu tana share hawaye da safar hannunta. Rabonmu da wasan ƙarshen kaka tun 2016. Kun kawo ƙarshen wannan, kuma kun ci Colorado 28 da 10 a daren da ba zan manta ba. A Columbus muna gaban Ohio State 17 da 14 a zangon ƙarshe kafin ta ci mu 21 da 17, kuma ita ce ta zo ta ɗauki kofin ƙasa a watan Janairu. Raiola a shekararsa ta farko ya nuna hannun da muka daɗe ba mu ga irinsa ba, kuma harin ya ɗan farfaɗo da aka miƙa ragamarsa ga sabon mai tsara hari, Dana Holgorsen. Ƙungiyar bara ta fi ta 2022 nesa ba kusa ba, duk wanda ya musa bai kalli wasa ba.

Sai dai mako ɗaya kafin wancan wasa na Columbus, Indiana ta yi mana 56 da 7. Indiana da ta ci wasa uku kacal a 2023, ta ɗauko Koci Curt Cignetti, shekara ɗaya ta ci 11 ta shiga gasar fitar da zakaran ƙasa. Ba ta da tarihinmu, ba ta da cikar filinmu. Idan muna lissafin 21 da 17 a matsayin shaidar cewa mun kusa, dole mu sa 56 da 7 a kan sikeli ɗaya. Kuma rabon Nebraska da ta doke ƙungiyar da ke cikin jerin 25 na sama a ƙasar tun Satumbar 2016, ranar da aka ci Oregon 35 da 32. Ɗana yana ɗan shekara huɗu lokacin.

Ga hukuncina, in kun ba ni dama. Ƙungiyar ta kusa zama mai cin wasa takwas ko tara a shekara, mai wahalar da kowa, kuma tazarar da ke tsakaninta da hakan ba ta wuce gyaran kurakuran da na lissafa ba. Amma ba ta kusa da zama irin ta 1994 da 1995 da 1997 da ta ɗauki kofin ƙasa ba, ba ta ma kusa da ɗaukar kofin Big Ten ba, ga shi rabonmu da kofin kowace gasa tun 1999. Waɗannan "kusa" biyu ne daban, kuma cakuɗa su ne ya daɗe yana cutar da mu.

Shi ya sa soke karawa da Tennessee ya tsaya mana a rai. Na ji dalilin da aka bayar: za a yi gyaran fili a 2027, kujeru za su ragu, ana buƙatar ƙarin wasa a gida don cike giɓin kuɗi. Ban raina dalilin ba, ganin cewa a 2025 ne jami'o'i ke fara biyan 'yan wasa kai tsaye. Na kuma san gasar Big Ten kaɗai, mai ƙungiyoyi 18 tun shigowar Oregon da USC da UCLA da Washington, ta ishi mutum wahala. Amma Tennessee ba kowace ƙungiya ba ce a wajen mutanen jihar nan. Ita Nebraska ta doke 42 da 17 a Orange Bowl a Janairun 1998, shahararren mai jefa ƙwallo Peyton Manning na gefensu, a wasan ƙarshe na Osborne. Ita kuma ta ci mu a wasan ƙarshen kaka na 2016, daga nan muka shiga duhun shekara bakwai. Zuwanta Lincoln a 2026 zai zo ne daidai shekara ta huɗu ta Koci, lokacin da ya kamata a ga abin da aka gina. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Idan aka cika watan Satumba da ƙungiyoyin da aka biya su zo a doke su, za mu shiga Oktoba da nasara uku ko huɗu ba mu san ko su wane ne mu ba, sai mu je mu sani a hannun wata Indiana. Saƙon da ya iso mana, ko ba shi kuka yi nufi ba, shi ne ana neman yawan nasara a takarda ne, ba ƙarfin da zai tsaya gaban manya ba.

Wasan bazara kuwa ya fi shafarmu kai tsaye. Koci ya ce bayan na bara, wanda aka nuna a talabijin, wasu ƙungiyoyi sun bi yaranmu da tayin kuɗi don su sauya sheƙa. Na yarda haka na faruwa, kuma ban ga laifin mai tsare garkensa ba. Amma ku dubi wanda ke zuwa wannan wasa. Sama da mutum dubu 60 ne suka shiga bara. Da yawa daga cikinmu masu aikin kamfanin nama ne, da direbobi, da masu kula da tsofaffi, da ɗalibai. Mai 'ya'ya biyar ba zai iya kai su wasan kaka ba, kuɗin ya fi ƙarfinsa. Ranar wasan bazara ce kaɗai yake kwasar su duka a mota, su ga 'yan wasa suna fitowa ta mashigar ƙarƙashin kujeru da kiɗa, su koma gida da abin da za su ba abokai labari a makaranta. Ta wannan ƙofa 'ya'yan baƙi suke zama 'yan gari. Tikitin filin Memorial yana ƙarewa a kowane wasa tun 1962, amma kun san a 2021 sai da masu hannu da shuni suka saye ragowar tikiti aka raba wa yara kafin jerin ya tsira. Dattawan da suka ga zamanin Koci Bob Devaney da Osborne suna ta raguwa. Wa zai gaji kujerunsu idan ba a bar yara sun shigo ba?

Don haka ga roƙonmu.

Yallaɓai Dannen, ka nemo wata babbar ƙungiya daga wajen Big Ten ka sa hannu da ita, gida da waje, ka sanar da ranakun, ko da sai bayan an gama gyaran fili ne. Kuma ka fito da lissafin gyaran a fili, kujeru nawa za a rasa, na wane ne, nawa tikiti zai koma, don mutane irin maƙwabcina su san matsayinsu tun da wuri.

Idan wasan bazara na da ba zai dawo ba, a ba mu rana ɗaya a cikin fili, da kuɗin shiga kaɗan, a kashe kyamarorin talabijin in su ne matsalar, amma a buga ƙwallo ta gaske yara su gani.

Koci, ka faɗa mana ma'aunin da kake so a auna ka da shi bana, da bakinka. A Temple shekararka ta uku ka ci 10, a Baylor ka ci 11 bayan ka fara da 1. Kowa a jihar nan ya haddace wannan, kuma shekara ta uku ce muke shiga. Mu namu ma'aunin mai sauƙi ne: a doke ƙungiya ɗaya daga cikin 25 na sama, a ci rabin wasannin Nuwamba, a ci Iowa, a daina bari ana tare mana bugu. Idan an sake faɗuwa da maki uku, muna roƙo kada a ce mana saura ƙiris. A ce mana ga kuskuren, ga wanda zai gyara shi, ga ranar da za mu ga gyaran. Tony White, mai horar da 'yan baya, ya koma Florida State, 'yan baya Ty Robinson da Nash Hutmacher sun gama, don haka ɓangaren baya da ya riƙe mu shekara biyu sabo ne, gara a gaya mana gaskiyar halin da yake ciki tun yanzu.

Akwai kuma yaran ƙauyukan jihar nan da ke shiga ƙungiya ba tare da tallafin karatu ba, suna biya wa kansu makaranta don kawai su sa jar riga. Ƙa'idar da ake shirin kawowa za ta taƙaita 'yan wasa zuwa 105, ku kuwa kuna da kusan 150. Ba ku kuka kawo ta ba, kuma na ji Koci yana nuna takaicinsa a kai. Muna roƙo duk wanda za a sallama a taimaka masa ya samu wata makaranta ko ya kammala karatunsa a nan.

Roƙo na ƙarshe ya shafi ku da mu duka. Kada a ɗauki wasiƙar nan a matsayin kiran a kori kowa. An kori Frank Solich a 2003 bayan ya ci wasa 9, an kori Bo Pelini a 2014 bayan bai taɓa cin ƙasa da 9 a shekara ba, garin neman gira aka rasa ido. Tun daga Bill Callahan zuwa Mike Riley zuwa Frost, kowane sabon koci rushewa yake ya fara daga tushe, kuɗin sallama kuma na ta tafiya. An ba Koci Rhule kwantiragin shekara takwas, a bar shi ya yi aikinsa, mu ma za mu riƙe harshenmu idan Satumba ta zo da tangarɗa.

Maƙwabcina ya ce bana ma zai ba mu tikitin wasan Iowa, tun da a Lincoln za a yi shi. Na tambayi ɗana ko zai je. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce in nemo masa safar hannu mai kauri, ta bara ta yi masa kaɗan.

Naku cikin girmamawa,
Wani mazaunin Lincoln, a madadin 'yan'uwansa masu jar riga
Maris, 2025